Hujin da Ba Asu Ne Ya Yi Ba: Nazarin Lalacewar Yadi a Wata Ƙaramar Masana'anta a Kakuri

A ƙarshen watan Maris wani tela mai kwangilar ɗinka zannuwan gado na makarantar kwana ya shigo harabar masana'antar kawuna a unguwar Kakuri ta Kaduna, inda ake mai da ɗanyen yadi fari, Keke Napep biyu na biye da shi maƙare da kaya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya warware zani ɗaya ya ɗaga shi saitin rana, sai ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji, wasu kamar bakin allura, wasu sun kai ƙwayar gero. Ya sa yatsu ya ja gefen ɗaya, yadin ya kece kamar takarda. Wanki biyu kacal aka yi wa zannuwan, kuma ranar da yadin ya bar hannun kawu lafiyarsa ƙalau a ido.

Shi ne mutum na uku da ya dawo da kaya cikin wata biyu. Da daren ranar kawu ya kira ni a waya ya ce, "Ɗan nan, kai da ka karanta kimiyyar sinadarai, zo ka duba mana abin nan kafin ya cinye jarin." Ni malamin sakandare ne, ban taɓa aikin masaƙa ba. Na shafe kusan mako uku ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, kuma abin da na gani ne na rubuta a nan.

Wurin da aikin

Wanda ya san Kakuri ya san unguwar masaƙu ce. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957 zamanin Sardauna, daga baya United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da sauransu suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar yadi a Arewa. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Injuna sun yi shiru, amma mutanen da suka iya aikin suna nan cikin unguwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne dattijon da kowa ke kira Baba, wanda ya yi sama da shekara ashirin a sashen wanki da rini na ɗaya daga cikin manyan masaƙun. Da shi kawu ya dogara lokacin da ya sayi tsohuwar jiga guda, wato injin wanke yadi, ya kafa wurin.

Aikinsu ɗaya ne. Su sayo akoko, wato ɗanyen yadin auduga kamar yadda ya sauko daga injin saƙa, da sitacinsa da maiƙonsa da ɗigo-ɗigon ɓawon angurya, su cire sitacin, su dafa shi da soda, sannan su yi masa bilicin ya koma fari tas. Jiga kwami ce ta ƙarfen silba mai nadi biyu a sama, yadi na warwarewa daga wannan ya nutse cikin ruwan magani ya naɗe a wancan, ya sake dawowa, har a gama. Ruwan maganin kuwa abu huɗu ne a takardar da Baba ya rubuta tun farko: ruwa, silikat, kostik soda, da haidirojin feroksaid, wanda shi ne ke sa yadin fari. Shekara huɗu suna bin takardar nan babu wanda ya taɓa dawo musu da ko yadi ɗaya.

Waɗanda aka zarga

Kafin in zo an riga an yanke hukunci biyu. Na farko a kan mai sayar musu da feroksaid: an ce yana surka shi da ruwa, tunda yadi ya daina fita fari sai an ƙara awo. Na biyu a kan yaron da ke tsayawa kan jiga da safe, domin da aka bi lambobin bandir aka ga yawancin masu hujin daga aikin safe suka fito. An yanke masa rabin albashin wata, ya yi fushi ya daina zuwa. Akwai kuma maƙwabcin da ya ja kawu gefe ya ce masa a nemi addu'a, wataƙila hannu aka sa wa wurin.

Na fara da feroksaid don shi ya fi sauƙi. Lita ɗaya ta mai ƙarfin kashi 50 cikin 100 tana da nauyin kusan kilo 1.19, ruwa zalla kuwa kilo 1. Muka auna a sikeli, ya yi daidai. Don kada in tsaya a nauyi kaɗai, na ɗebi kaɗan na gwada shi a ɗakin gwaji da famanganet, sinadarin da ake auna ƙarfin feroksaid da shi, ƙarfinsa na nan. Mutumin bai ci amanar kowa ba. Feroksaid mai tsabta, in yana cikin jarkarsa a inuwa, abin da yake rasawa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya ba. Saboda haka lafiya yake shiga jiga, a ciki ne yake mutuwa.

Na tambayi kawu me ya canza a wurin cikin wata shida. Ya ce babu komai, takardar Baba suke bi. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Sai da na yi kwana uku ina hira da ma'aikata a gindin mangwaron da suke cin abinci, sannan canje-canje uku suka fito, kuma babu ɗaya da wani ya ɗauka a bakin komai.

Ruwa

Mai shayin bakin ƙofa ne ya fara buɗe mini ido. Na ga yana aiken yaro can nesa ɗebo ruwa alhali ga famfon masana'anta kusa da teburinsa. Ya ce, "Malam, ruwan nan baƙanta mini shayi yake yi, kwastoma suna cewa kamar tawada." Ruwa ba ya tsami banza. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin tanin, shi kuwa in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake bayarwa. Dukawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki yake baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa.

Ashe tun watan Nuwamba, da ruwan famfo ya riƙa yankewa, kawu ya haƙa rijiyar burtsatse. Ƙasar Kaduna jar ƙasa ce mai marmara, kuma ba abin mamaki ba ne a sami ƙarfe a ruwan da ya kwanta ƙarƙashinta. Abin da ke ruɗin mutane shi ne a can ƙasa, inda babu iska, ƙarfen a narke yake, ruwan ya fito garau kamar hawaye. Sai ya sha iska na wasu awoyi sannan ya fara juyawa, ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta. Na cika kwalba a bakin rijiyar da yamma, washegari na tarar da jan laka siriri a gindinta.

A kan wannan kuma aka ƙara wani. Tankin da ake tara ruwan tsohon tankin ƙarfe ne da aka sayo a Panteka, an yi masa fenti a waje, cikinsa kuwa babu wanda ya leƙa. Na hau tsani na haska fitilar waya: bangon duk ya yi ɓawon tsatsa, gindin ya tara laka ja mai kaurin yatsa. Bututun da ke kai ruwa jiga a can ƙasa yake, daidai inda lakar take, kuma makunninsa na tagulla ne.

Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita. Masu bilicin da feroksaid sun fi haka tsanani, sukan so kada ya wuce 0.1. Mun kai samfur uku ɗakin gwaji a Zariya: na bakin rijiya, na saman tanki, na bakin bututun jiga. Duka ukun sun haura iyakar masu bilicin, amma na bakin bututun ya ninka sauran nesa ba kusa ba.

Yadda ƙarfe ke cin auduga

Zaren auduga selulos ne, dogayen sarƙoƙi da aka ƙulla da dubban ƙwayoyin sukari. Tsawon sarƙoƙin nan shi ne ƙarfin yadi. Feroksaid shi kaɗai a ruwan sanyi kusan barci yake yi. Soda da zafi ne ke tashinsa, ya saki wani ɓangare nasa da ke bin launin da ke jikin zaren ya wargaza shi, ya bar sarƙar selulos ɗin kusan yadda ya same ta. Wannan ita ce hanyar da ake so ya bi, a hankali, cikin awa ɗaya zuwa biyu.

In ƙarfe ko tagulla ko manganis ya shiga, sai feroksaid ya sami wata hanyar. Ya riƙa fashewa da sauri a jikin ƙarfen, yawancinsa ya tashi a iska ya tafi a banza, a tsakani kuma ya fitar da wasu ɓarɓashi masu tsananin ci waɗanda ba sa bambance launi da zare. Duk abin da ke kusa da su shi suke sara. Tun a 1894 wani masani a Ingila mai suna Fenton ya lura da yadda ƙarfe ke haukata feroksaid, kuma a 1934 wasu masana biyu, Haber da Weiss, suka yi bayanin ɓarɓashin da ke fita. Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin shi ne ƙarfen ba ya ƙarewa. Ƙwayar tsatsa ɗaya za ta fasa feroksaid, ta koma yadda take, ta sake fasa wani, haka har a sauke aikin.

Wannan ne ya amsa tambayar da ta fi damun Baba. Ya ce mini, "Malam, in magani ne ya yi yawa, ai yadin gaba ɗaya zai ruɓe. Me ya sa nan da can?" A cikin ruwa mai soda ƙarfe ba ya zama a narke, dunƙulewa yake yi. Ƙwayar tsatsa ta maƙale tsakanin zare, nadin jiga ya danne ta a wurin, ita kuma ta ƙone abin da ke kewaye da ita kaɗai. Sarƙoƙin wurin sun guntule amma zaren na tsaye, shi ya sa mai duba kaya ba ya ganin komai. Sai an kai wa mai wanki ya cuɗa ya buga, wurin ya zube.

Na so in gani da idona. Na yanko gefen wasu huji, na ɗiga musu ruwan asid mai rauni, na bi da tayosayanet, wanda ke yin ja in ya taɓa ƙarfe. Bakin kowane huji ya yi zobe ja. Tsakiyar yadin, inda babu huji, da ƙyar ya canza launi.

Batun aikin safe ma a nan ya warware. Ruwa na kwana a tanki, tsatsa ta kwanta, wanda ya fara buɗe makunni da safe shi ke kwasar lakar. Ranar Litinin ta fi muni don ruwan ya wuni ya kwana tun Asabar. Da muka sake bin lambobin bandir da kalanda a hannu, mafi lalacewa duk na Litinin ne. Ko Baba da kansa ne ya tsaya kan jiga a waɗannan safiyoyin, abin da zai fito ke nan.

Silikat da aka ajiye

Duk da haka akwai abin da bai daidaita ba. An fara amfani da rijiyar a Nuwamba, amma kayan Nuwamba da Disamba babu wanda ya dawo da su. Matsalar daga tsakiyar Janairu ta fara.

Mai kula da sito ne ya ce mini tun bayan sabuwar shekara ba a sake sayen silikat ba. Dalilan da aka bayar ba na wauta ba ne. Silikat yana barin farin ɓawo mai tauri a jikin nadi da kwami, sai an sha wahala ake kankare shi. Yana sa yadi ya ɗan yi kaushi a hannu, kuma wani kwastoma ya yi ƙorafi. Ga shi ya yi tsada. Aka gwada aiki ɗaya babu shi, yadi ya fito fari da laushi, kawu ya ce to me ake da shi? A lokacin Baba yana kwance a gida da ciwon ƙafa, da ya dawo kuma babu wanda ya gaya masa, don awon magani ba a hannunsa yake ba.

Silikat ba ya ƙara fari, shi ya sa wanda bai sani ba zai ga kamar asarar kuɗi ne. Aikinsa tsaro. Yana haɗuwa da magniziyam ɗin da ke cikin ruwa su zama wani abu mai yauƙi da ke lulluɓe ƙwayoyin ƙarfe ya raba su da feroksaid, sannan yana riƙe kaifin soda kada ya yi ta hawa da sauka. Wata biyu shi ne ya tare wa kawu ɓarnar rijiya ba tare da kowa ya sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun yi gwajin da ya gamsar da kawu a gabansa. Kwalabe huɗu cikin tukunyar ruwan zafi ɗaya, soda da feroksaid awo ɗaya a kowace. Ta farko ruwan leda da silikat, ta biyu ruwan leda babu silikat, ta uku ruwan tanki da silikat, ta huɗu ruwan tanki babu silikat. Ta farko ta zauna shiru, ta biyu da ta uku suna ɗan tsatsafo da ƙananan kumfa. Ta huɗu kuwa kafin minti goma tana tafarfasa kamar an jefa mata alli, kumfa har bakin kwalba. Kawu ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba.

Zafi da gaggawa

Canji na uku shi ya mai da ƙaramar ɓarna babba. Wuta ba ta tsayawa, man janareto ya yi tsada, sai aka shiga neman gama kowane aiki da wuri. Ma'aunin zafin jiga ya fashe ba a sauya ba, aka koma buɗe tururi gaba ɗaya har ruwa ya tafasa. A Kaduna, da yake tana kan tudu na kusan mita 600, ruwa na tafasa a wajen digiri 98. Takardar Baba kuwa cewa ta yi a hau a hankali a tsaya tsakanin 90 da 95. A irin wannan aiki ƙarin digiri 10 kan ninka saurin fashewar feroksaid kusan sau biyu, kuma hawan gaggawa na sa ya ƙare tun yadi bai zagaya sau biyu ba.

Da yadi ya daina fari, sai aka ƙara feroksaid. Da hakan bai isa ba, aka ƙara soda. Bilicin na son ma'aunin pH, wato awon kaifin soda a ruwa, ya tsaya tsakanin 10.5 da 11. Takardar gwajin da na tsoma ta nuna 12 da ɗoriya, kuma a wannan ma'auni tazarar lamba ɗaya ninki goma ce. Kowane gyara da suka yi da kyakkyawar niyya ƙara wa wutar itace ya yi: ƙarin soda na hanzarta fashewar, ƙarin feroksaid na ba tsatsa abin da za ta ƙona yadi da shi. Ban ga laifin wanda ya yi haka ba. Mutum na tsaye gaban inji, oga na jiran kaya, babu ma'auni ko ɗaya a hannunsa sai idonsa.

Abin da aka yi

Ba a rufe rijiyar ba. An sa ruwan ya riƙa zubowa daga sama ta kan faranti masu huji don ya sha iska, ya kwana a tankin roba na farko, ya bi ta durom mai yashi da tsakuwa, sannan ya shiga tankin roba na biyu wanda bututunsa ke sama da gindi da kamu ɗaya. An cire tankin ƙarfe da bututan ƙarfe da makunnin tagulla. An dawo da silikat, an haɗa shi da ɗan gishirin magniziyam, an kuma ƙara maganin kama ƙarfe a matakin dafawa. An sayi ma'aunin zafi da takardar pH. Baba ya sake rubuta takardarsa, wannan karon da jerin zubawa, feroksaid a ƙarshe, da dokar cewa abin da aka ɗiba daga jarka ba ya komawa cikinta, domin ɗigon datti na iya sa rufaffiyar jarka ta kumbura ta fashe. Kuɗin gyaran duka bai kai abin da kawu ya biya tela ɗaya diyya ba.

Kaushin silikat na nan, ana rage shi da ƙarin ɗauraya da ruwan zafi, wanda ke cin mai. Akwai magungunan tsaro marasa silikat da ba sa barin ɓawo, amma sun fi tsada kuma ba kullum ake samunsu a Kaduna ba. Ruwan sodar da ake zubarwa ma har yanzu kwata yake bi ya gangara Kogin Kaduna kamar na maƙwabta. Na yi wa kawu maganar ramin da za a riƙa kashe kaifinsa kafin a sake shi, ya ce a bari ya farfaɗo. Ban daina tuna masa ba.

A watan Yuli huji ya sake fitowa a bandir biyu, wannan karon a jere bisa layi ɗaya. Ruwa lafiya, awo lafiya. Da muka warware ragowar akokon da aka sayo tare da su, sai ga siririn layin baƙin mai a tsawon yadin, man injin saƙa ne da ya kwaso garin ƙarfe. Yanzu kowane bandir sai an warware shi a kan tebur gaban taga kafin ya shiga jiga, mai tabon mai a ware shi a wanke daban.

Shi kuwa yaron jigan da aka zarga, kawu da kansa ya je gidansu a unguwar Nasarawa da kuɗin da aka yanke masa a ambulan, ya ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Yaron ya karɓa ya yi godiya, ya ce ya riga ya karɓi Keke Napep a hannun wani, ba zai iya mayarwa ba sai ya cika alkawarin shekara. Baba ya ce a bar masa gurbinsa. Har yanzu shi Baban ne ke buɗe jiga da safe, da kwalbar ruwa a hannu yana ɗaga ta saitin taga kafin ya kunna tururi.